Jabru da Muƙabala a Hidimar Fiƙihu: Waiwaye a Kan Al-Khawarizmi da Lissafin Wasiyya

Tsakure

Wannan maƙala waiwaye ce a kan tarihin wata ƙa'idar lissafi da ake koyarwa yau a ƙananan azuzuwan sakandare, wato warware mu'adalar da abin da ake nema ya bayyana a ɓangarorinta biyu. Maƙalar ta bi sawun ƙa'idar daga littafin Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi zuwa littattafan fiƙihu na mazhabobi, ta warware mas'aloli uku na wasiyya da kyauta domin a ga yadda magabata suka yi aiki da ita, sannan ta kawo matsayin Al-Gazali da Ibnu Taimiyya a kan hukuncin koyonta. Abin da ta tsaya a kai shi ne, fiƙihu ne ke gina mu'adala, lissafi kuwa warwarewa kawai yake yi, kuma mai rabon gado yana bukatar duka biyun.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ƙayyade wa kowane magaji rabonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗalibin da ya karanta babin gado a Risala ta Ibnu Abi Zaid, ko babin ƙarshe na Mukhtasar na Khalil, ya saba da lissafi mai tafiya fuska ɗaya. Ana sanin magada, a fitar da asalin mas'ala, a ba kowa kasonsa kamar yadda ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i da Sunna suka tsara. Sai dai akwai wasu mas'aloli da wannan hanya ba ta isa gare su. A cikinsu ba a sanin rabon magaji sai an fitar da wasiyya, ita kuma wasiyyar ba a sanin adadinta sai an san rabon magajin. Fuƙaha'u sun kira irin wannan kewaye da sunan dauri, suka keɓe masa babi a manyan littattafansu.

A ajin ilimin gado, da zarar an rubuta harafi a allo a madadin adadin da ba a sani ba, akan sami ɗaliban da za su ce an bar karatun addini an koma lissafin boko. Wannan zato shi ne dalilin rubuta maƙalar. Illarsa ba ƙarama ba ce, domin ɗalibin yau shi ne alƙali ko mai rabon gado na gobe, kuma kuskurensa a dukiyar marayu da zawarawa yake sauka.

2.0 Marubucin da littafinsa

Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya rayu a Bagadaza a farkon ƙarni na uku na Hijira. Ibnun Nadim, a cikin Al-Fihrist da ya kammala a 377H/987M, ya ambace shi a matsayin wanda ya keɓe kansa ga taskar littattafai ta Halifa Ma'amun, wadda ake kira Khizanatul Hikma. Ya yi rubutu a kan ilimin taurari da labarin ƙasa da lissafin Hindu, amma littafin da ya shafe mu shi ne wanda ya shahara da sunan Al-Kitabul Mukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala. Ya rubuta shi a zamanin halifancin Ma'amun, tsakanin 198H/813M da 218H/833M, kuma ya ambaci halifan a gabatarwarsa.

A cikin gabatarwar ya bayyana manufarsa ƙarara. Ya ce ya taƙaita ne a kan abin da mutane ke bukata a gadonsu da wasiyyoyinsu da rabe-rabensu da shari'o'insu da cinikayyarsu, da kuma awon filaye da haƙar magudanan ruwa. Tsarin littafin ya gaskata wannan magana. Kashi na farko ya ƙunshi tushen ilimin da misalansa, sai gajeren babi a kan mu'amaloli, sai babin awo. Bayan nan sai Kitabul Wasaya, wanda ya ɗauki kusan rabin littafin, kuma a ƙarshensa ne babin lissafin dauri yake, inda ake maganar aure da 'yanta bawa da kyauta a lokacin ciwon ajali. A wannan babi ya ambaci ra'ayin Imam Abu Hanifa da suna, abin da ke nuna cewa yana rubutu ne cikin sanin abin da fuƙaha'un Iraƙi suka tattauna kafinsa, musamman Muhammad bin Hasan Ash-Shaibani (ya rasu 189H/805M), wanda littattafansa suka cika da mas'alolin wasiyya masu sarƙaƙiya.

Babu alamar lissafi ko ɗaya a littafin. Komai da kalmomi aka faɗe shi. Abin da ake nema sunansa shai'u, wato abu, ko jizru, wato saiwa. Idan aka ninka shi a kansa sai ya zama malu, wato dukiya. Adadin da aka sani kuwa akan kira shi dirhami. Daga waɗannan uku ya fitar da nau'o'in mu'adala guda shida, uku masu sauƙi, uku haɗaɗɗu. Nau'in da ya shafi batunmu shi ne wanda saiwoyi suka yi daidai da adadi. Duk mas'alar da abin nema ya watsu a ɓangarori biyu, aikin mai lissafi shi ne ya mayar da ita zuwa wannan siga.

3.0 Ma'anar jabru da muƙabala

Ɗalibin fiƙihu ya san kalmar jabru tun daga babin tsarki, inda ake maganar shafa a kan jabira, wato karan ɗori da ake ɗaurawa a kan karaya. Ya kuma san ta a babin rafkanwa, inda sujjada ke cike giɓin salla. Ma'anar ita ce dai a lissafi. Magabata ba su ɗauki adadin da ke ƙasa da sifiri a matsayin adadi mai zaman kansa ba. Idan aka ce goma ban da abu, suna kallon goman a matsayin tauyayye, wanda aka gutsire wa wani sashe. Jabru shi ne a ɗora shi, a mayar masa da abin da aka cire, sannan a ƙara daidai wannan a ɗaya ɓangaren domin kada daidaito ya ɓaci.

Muƙabala kuwa kalma ce da Bahaushe ya sani a zaman da malamai biyu ke fuskantar juna da hujjoji, masu kwafar littattafai kuma sun san ta a gwada kwafi da asali. A lissafi ana nufin a fuskantar da ɓangarorin biyu, duk jinsin da ya bayyana a kowanne sai a zubar da ƙaramin daga babban, ya saura a ɓangare guda. Bayan waɗannan akwai matakai biyu na ƙarshe. Idan abin nema ya fi ɗaya sai a yi raddu, a mayar da shi ɗaya ta hanyar rabawa. Idan bai kai ɗaya ba sai a yi ikmali, a cika shi.

Ga misali: abu 5 ban da dirhami 4 sun yi daidai da abu 2 da dirhami 11. A yi jabru da dirhami 4, sai abu 5 su yi daidai da abu 2 da dirhami 15. A yi muƙabala, a zubar da abu 2 daga kowane ɓangare, sai abu 3 su yi daidai da dirhami 15. A yi raddu, abu ɗaya ya zama dirhami 5. Abin lura a nan shi ne, maganar da ɗalibai ke haddacewa cewa adadi yana tsallaka alamar daidaito ya sauya alama, taƙaitawa ce kawai ta waɗannan matakai. A haƙiƙa babu abin da ke tsallakawa. Abin da aka yi wa wannan ɓangare ne ake yi wa wancan, kamar mai sikeli da ke ƙara nauyi iri ɗaya a farantai biyu.

4.0 Mas'aloli uku

4.1 Tsaba da bashi

Da wannan mas'ala Al-Khawarizmi ya buɗe Kitabul Wasaya. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wani bare. Ya bar dirhami 10 tsaba, da dirhami 10 bashi a kan ɗaya daga cikin 'ya'yan, kuma ba a karɓi bashin ba tukuna. Idan aka raba tsabar gida uku, mai bashi ya karɓi kuɗi alhali ana bin sa, wannan tauye sauran ne. Idan aka yi rabo a kan 20, an ƙirga abin da bai zo hannu ba. Mafita ita ce a cire rabon mai bashi daga bashin da ke kansa. Amma duk abin da aka cire ya zama kamar an karɓe shi, ya shiga cikin dukiyar da ake rabawa, ya kuma ƙara yawan rabon kowa, har da nasa. Nan kewayen yake.

Sai ya kira abin da za a cire daga bashin da sunan abu. Dukiyar rabo ta zama dirhami 10 da abu. Sulusinta na wasiyya shi ne dirhami 3⅓ da sulusin abu. Saura dirhami 6⅔ da sulusi biyu na abu, kowane ɗa ya sami dirhami 3⅓ da sulusin abu. Tun da rabon mai bashi shi ne ainihin abin da aka cire, to dirhami 3⅓ da sulusin abu sun yi daidai da abu guda. Ga abin nema a ɓangarori biyu. A yi muƙabala da sulusin abu, sai dirhami 3⅓ su yi daidai da sulusi biyu na abu. A yi ikmali ta ƙara wa kowane ɓangare rabinsa, sai abu ya zama dirhami 5.

Saboda haka ana raba 15 ne. Mai wasiyya ya ɗauki 5 daga tsaba, ɗan da ba a bi ya ɗauki 5, mai bashi kuma an sauke masa 5. Sauran 5 na nan a wuyansa, kuma a cikinsu shi ma yana da sulusi. Ranar da ya biya sulusi biyun da ba nasa ba, kowane ɗaya daga cikin ukun ya kai 6⅔, wato sulusin 20.

4.2 Wasiyya da kwatankwacin rabon ɗa

Mutum yana da 'ya'ya maza uku, ya yi wasiyya ga wani da kwatankwacin rabon ɗayansu. A wajen Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad, rabon da ake nufi shi ne wanda ɗan zai samu bayan an fitar da wasiyyar. Ke nan dukiya ban da rabo ɗaya ta yi daidai da rabo 3. Idan aka yi jabru, dukiya ta yi daidai da rabo 4, mai wasiyya ya sami rubu'i. A wajen Imam Malik kuwa, ana duba rabon da ɗan zai samu da babu wasiyyar, don haka mai wasiyya ya sami sulusi, 'ya'yan su raba sauran. Lafazin mamaci ɗaya ne, amma amsa biyu ce, kuma lissafi bai yi kuskure a ko ɗaya ba. Bambancin daga fahimtar lafazin ya taso, wadda aikin fiƙihu ce.

A kan ra'ayin jamhuru ne littattafai ke kawo siga mafi wuya. A ƙara a kan wasiyyar farko cewa ya yi wa mutum na biyu wasiyya da sulusin abin da ya rage na sulusin dukiya bayan fitar da rabon. Abin da ya rage shi ne sulusin dukiya ban da rabo. Sulusinsa shi ne tusu'in dukiya ban da sulusin rabo. Idan aka fitar da wasiyyoyin biyu, abin da ya rage wa magada shi ne tusu'i 8 na dukiya ban da sulusi biyu na rabo, kuma wannan ya yi daidai da rabo 3. A yi jabru, sai tusu'i 8 na dukiya su yi daidai da rabo 3⅔. A ninka ɓangarorin biyu da 9, sai dukiya 8 su yi daidai da rabo 33. Ma'ana, a kasa dukiyar kashi 33, rabon ɗa kashi 8 ne. Gwajin amsar mai sauƙi ne. Sulusin 33 shi ne 11, a cire 8 saura 3, sulusinsu 1 ne na mutum na biyu, saura 24 ga 'ya'ya uku, kowa 8. Da dukiyar Naira 3,300,000 ce, kowane ɗa da mai wasiyyar farko sun sami 800,000, na biyu ya sami 100,000.

4.3 Kyautar majinyata biyu

Wannan ita ce sananniyar mas'alar dauri, kuma Ibnu Ƙudama (ya rasu 620H/1223M) ya kawo ta a Al-Mugni. Mai ciwon ajali ya yi kyautar dirhami 100, waɗanda su ne duk abin da ya mallaka, ga wani mai ciwon ajali. Shi kuma ya mayar masa da su kyauta, ba shi da wata dukiya sai su. Kyauta a ciwon ajali tana zartuwa ne a cikin sulusi, bisa iyakar da hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya kafa ga wasiyya. Mai gaggawa zai ce kyautar farko ta inganta a 33⅓. To amma sulusin wannan zai dawo wa na farko, dukiyarsa ta ƙaru, sulusinta ya ƙaru, abin da zai dawo ya sake ƙaruwa, haka dai ba iyaka.

A ce kyautar farko ta inganta a abu guda. Kyauta ta biyu ta inganta a sulusin abu. Abin da ke hannun magadan na farko shi ne 100 ban da sulusi biyu na abu. Tun da abin da ya fita sulusi ne, dole abin da ke hannun magada ya zama ninkinsa biyu, wato abu 2. A yi jabru, sai 100 ta yi daidai da abu 2⅔, abu ya zama 37½. Sulusinsa 12½ ya dawo. Magadan na farko suna da 75, ninki biyu na 37½. Magadan na biyu suna da 25, ninki biyu na 12½. An kiyaye iyakar sulusi ga gidaje biyu a lokaci guda. A nan ma, hadisi ne ya ba da daidaiton da aka gina mu'adalar a kansa.

5.0 Abin da ya gabaci Al-Khawarizmi

Adalci ga tarihi ya hana a ce babu wanda ya warware irin waɗannan mas'aloli kafinsa. Takardar lissafi ta Misirawan dauri da marubuci Ahmes ya kwafa wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) tana da tambayoyi a kan adadin da ba a sani ba, waɗanda ake warwarewa ta hanyar ƙaddara amsa sannan a gyara ta. Diyofantus na Iskandariyya ya bayyana matakan ƙara abin da ya tauye da zubar da abin da ya yi kama a gabatarwar littafinsa na lissafi. A Hindu, Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin abin nema a 628M. Sai dai littafin Diyofantus bai shiga Larabci ba sai bayan Al-Khawarizmi, a hannun Ƙusɗa bin Luƙa, wanda ya ari kalmomin jabru da muƙabala wajen fassarar.

Abin da Al-Khawarizmi ya yi shi ne ya juya tsarin karatun. Waɗanda suka gabace shi suna fara wa da tambaya su nemi dabarar amsa ta. Shi kuwa ya fara da ƙididdige sigogin mu'adala gaba ɗaya, ya ba kowace hanyar warware ta, sannan ya nuna cewa tambayoyin gado da ciniki da awo duk ana mayar da su gare su. Da wannan ne dabaru warwatsattsu suka zama fanni mai suna da usuli. Abu Kamil Shuja'u bin Aslam na Masar, wanda ya zo bayansa ya faɗaɗa fannin, ya shaida masa da rigaye, Ibnu Khaldun (ya rasu 808H/1406M) ma ya ambace shi a Muƙaddima a matsayin wanda ya fara rubutu a kai.

6.0 Zaman fannin a hannun fuƙaha'u

Fannin ya rabu zuwa hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta masana lissafi tsantsa, irin su Al-Karaji da As-Samau'al da Umar Khayyam, waɗanda suka wuce zuwa mas'alolin da ba su da alaƙa da gado. Ta biyu ita ce ta malaman fara'ili. Abu Kamil kansa ya rubuta littafi a kan warware wasiyyoyi ta jabru da muƙabala. Imamul Haramaini Al-Juwaini (ya rasu 478H/1085M) ya tsawaita a kan wannan lissafi a babin wasiyya na Nihayatul Maɗlab. A mazhabar Malikiyya, Shihabuddin Al-Ƙarafi (ya rasu 684H/1285M) ya shigar da bayanin jabru da muƙabala cikin sashen gado na Az-Zakhira, domin mai karatun fiƙihu ya same shi a inda yake bukatarsa.

A Andalus da Magrib, inda sanadin karatun Malikiyya na ƙasashenmu ya biyo, haɗuwar fannonin biyu ta fi fitowa fili. Alƙalin Ishbiliya Abul Ƙasim Al-Haufi (ya rasu 588H/1192M) ya rubuta littafin fara'ili da Ibnu Khaldun ya yaba. Ibnul Yasamin (ya rasu 601H/1204M) ya tsara ƙa'idojin jabru a gajeren waƙen rajazu da ɗalibai suka yi ta haddacewa ƙarnuka da dama, malamai irin su Ibnul Ha'im (ya rasu 815H/1412M) suka yi masa sharhi. Ibnul Banna na Marrakush (ya rasu 721H/1321M) ya rubuta Talkhisu A'amalil Hisab. Al-Ƙalasadi (ya rasu 891H/1486M), wanda faƙihi ne kuma masanin gado, ya yaɗa amfani da haruffa a madadin kalmomi, kodayake an fara su a Magrib kafinsa: shinun a madadin shai'u, mimun a madadin malu, lamun kuma alamar daidaito. Harafin da ɗalibi ke gani a allo yana tsammanin baƙo ne, malamin Malikiyya ya rubuta irinsa shekaru fiye da 500 da suka wuce.

Ibnu Khaldun ya lissafa jabru da muƙabala, da lissafin mu'amaloli, da fara'ili, a matsayin rassa na ilimin adadi. Shi kuma Abdurrahman Al-Akhdari, mai littafin ibada da yaranmu ke fara karatun zaure da shi, yana da waƙen Ad-Durratul Baida'u wanda ya haɗa lissafi da gado da wasiyya wuri guda. Ko kalmomin sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni da ke bakin Bahaushe a kasuwa, daga harshen wannan karatu suka shigo.

7.0 Matsayin malamai a kan koyonsa

Imam Al-Gazali (ya rasu 505H/1111M) ya sanya lissafi cikin farillan kifaya a Ihya'u Ulumid Din, dalilinsa kuwa shi ne bukatar da ake da ita gare shi a mu'amaloli da rabon wasiyya da gado. A Al-Munƙizu minad Dalal ya yi gargaɗi a kan illoli biyu. Ta farko ita ce ɗalibi ya ga ingancin hujjojin lissafi sai ya gaskata masu falsafa a duk abin da suka faɗa, har da ilahiyyat. Ta biyu ita ce masoyin addini marar sani ya yi inkarin waɗannan fannoni da sunan kare Musulunci, sai wanda ya san ingancinsu ya yi zaton addinin a kan jahilci aka gina shi.

Shaikhul Islam Ibnu Taimiyya (ya rasu 728H/1328M), a cikin raddinsa ga masu manɗiƙi, ya taɓo batun ta wata fuska. Ya ambaci Al-Khawarizmi a matsayin farkon wanda aka sani ya shigar da wannan lissafi cikin wasiyyoyi da mas'alolin dauri. Ya tabbatar da cewa lissafin ingantacce ne, amma ya dage a kan cewa Shari'a ba ta rataya a kansa ba, kuma ana iya amsa duk mas'alar Shari'a ba tare da shi ba.

Maganar tasa tana da gaskiya ta fuskar lissafi, domin akwai wasu hanyoyin, kamar hanyar kuskure biyu da ake kira hisabul khaɗa'aini. A mas'alar tsaba da bashi, a ƙaddara cewa abin da aka cire 2 ne, sai rabon ɗa ya fito 4, ya haura ƙaddarawar da 2. A ƙaddara 8, sai rabon ya fito 6, ya gaza da 2. Tun da kurakuran biyu daidai suke kuma suna fuskantar juna, amsar tana tsakiyar 2 da 8, wato 5. Saboda haka matsayin malaman biyu ba su ci karo ba. Ɗaya yana magana a kan cikar Shari'a da wadatuwarta, ɗaya kuma a kan wajibcin samun wanda zai iya isar da haƙƙi ga mai shi. Babu ɗayansu da ya ɗauki fannin a matsayin abin ƙi.

8.0 Tafiyar littafin zuwa Turai

An fassara littafin zuwa Latin sau biyu a Andalus a ƙarni na 12 na Miladiyya: Robert na Chester a 1145M, sai Gerard na Cremona (ya mutu 1187M) a Ɗulaiɗila. Dukkansu sun bar Kitabul Wasaya ba su fassara ba, domin hukunce-hukuncen da ke cikinsa ba su shafi masu karatunsu ba. Leonardo na Pisa, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya rufe littafinsa na 1202M da babi a kan wannan fanni. Kalmar shai'u ta zama kalmar Italiyanci mai ma'anar abu, jabru ta zama sunan fannin a harsunan Turai, sunan marubucin kuma ya zama sunan duk wani tsararren jerin matakan lissafi. Alamar daidaito da muke amfani da ita ta fito a Ingila a 1557M a hannun Robert Recorde, amfani da haruffan ƙarshen abajada ga abin nema kuma ya kafu da littafin Descartes na 1637M.

Sashen wasiyya bai isa ga Turawa ba sai a 1831M, lokacin da Frederic Rosen ya buga matanin Larabci da fassararsa a Landan, daga kwafin da ke Oksfod wanda aka rubuta a 743H/1342M. Rosen ya ga kamar wasu mas'alolin an gina su a kan sharuɗɗan da aka ƙaƙaba ba bisa dalilin lissafi ba. Sai a 1938M Solomon Gandz ya yi dogon nazari ya nuna cewa waɗannan sharuɗɗa hukunce-hukuncen fiƙihu ne, kuma wanda ya san su zai ga lissafin daidai yake. Abin da ya faru ga Rosen darasi ne. Ya san lissafi amma bai san fiƙihun ba, sai mas'alolin suka rikice masa. Wanda ya san fiƙihu bai san lissafin ba, rikicewarsa ta ɗaya fuskar take zuwa.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata abubuwa uku sun tabbata. Na farko, warware mu'adala mai abin nema a ɓangarori biyu ya sami suna da tsari a Bagadaza a farkon ƙarni na uku na Hijira, kuma mas'alolin wasiyya suna cikin manyan dalilan da marubucin ya ambata. Na biyu, ba Musulmi ne suka fara tunanin adadin da ba a sani ba, kuma faɗin haka bai rage musu komai ba. Na uku, fannin ya zauna a littattafan fiƙihu na mazhabobi ɗaruruwan shekaru, har da na Malikiyya, amma siffar da ta iso makarantunmu na zamani ita ce wadda ta biyo ta Turai bayan an ajiye rabin littafin a hanya. Wannan ne ya sa ɗalibin Shari'a ke ganin sa baƙo.

Maƙalar tana ba da shawarar a shigar da matakan jabru da muƙabala da raddu da ikmali cikin darasin ilimin gado, da sunayensu na asali, a kuma koyar da su ta mas'alolin wasiyya da dauri, tare da bambance ra'ayin Malik da na jamhuru kafin a gina kowace mu'adala. A kuma horar da ɗalibi ya riƙa mayar da amsarsa cikin lafazin wasiyyar ya gwada, kamar yadda aka yi a mas'alolin da suka gabata, kafin ya miƙa wa kowa kasonsa. Haka nan ya kamata masu bincike su duba littattafan lissafi da fara'ili da ke cikin taskokin rubuce-rubucen hannu na gidajen malamanmu, domin a san waɗanda aka karantar da irin sharhin da aka yi musu. Allah ne Mafi sani, kuma gare Shi muke neman dacewa.